Kansilan da Kaka Glenys Ta Ɗora

A layinmu na Alma Terrace ba a tambayar mutum wa zai zaɓa, taga ake dubawa. Da watan Afrilu ya kama, kowane gida zai manna takardar jam'iyyarsa a gilashin falo, ta fuskanci titi, mai wucewa ya gani ya san inda aka dosa. Tagar kakata, Glenys Thackray, ta haura shekara arba'in ba ta sauya launi ba. Jam'iyyar da ubanta ya yi ita ta yi, ita mijinta ya yi, ita ce kuma ke riƙe da majalisar gundumar Brigholme tun ba a haifi mahaifiyata ba.

A danginmu ni ce mai ajiye hotuna, ni ake bugo wa waya idan gardama ta tashi kan shekarar da wane ya yi aure. Shi ya sa na ga gara in rubuta wannan tun ina tune da yadda aka yi, domin har an fara ba da labarin ta wata fuska a gari, wai tsufa ne ya sa Kaka rigima.

Kaka ta bar makaranta tana 'yar shekara goma sha biyar, ta shiga masaƙar ulu da ke ƙasan gada. Ƙarar injin ta bar mata babbar murya, ko raɗa ta yi sai maƙwabta sun ji. Da aka rufe masaƙar sai ta samu aiki a kicin ɗin firamaren unguwarmu, tana zuba wa yara abincin rana har ta yi ritaya. Rabin mazan Brigholme sun taɓa miƙa mata faranti, kuma ba ta manta wanda ba ya cin kabeji ba a cikinsu. Ba ta taɓa neman muƙami ba. Abin da ta sani shi ne Alhamis ɗin farko ta watan Mayu, ranar zaɓe, wadda ta fi mata Kirsimeti. Ita da ƙawarta Vera Sugden, wadda suka tashi tare tun masaƙa, sun raba aikin a tsakaninsu. Vera za ta zauna a ƙofar rumfar zaɓe tana lura da waɗanda suka zo, Kaka kuma ta ɗauki 'yar motarta ta bi gida-gida tana kwaso tsofaffin da ba su zo ba. Akwai masu cewa Kaka ta ci wa jam'iyya mazaɓarmu sau da yawa da tayar mota kawai.

Mijinta, Kaka Len, ba shi da surutu. Abinsa shi ne lambu. A bayan layin dogo, a Kiln Lane, akwai filin majalisa da aka yanka fegi-fegi ana ba talakawan gari haya, kuɗin shekara bai kai na takalmi ba. Nan yake noma dankali da albasa da wake, nan kuma ya dasa itacen tuffa a shekarar da aka haifi mahaifiyata. Da ya rasu aka ƙona gawarsa kamar yadda ya bar wasiyya, muka kai tokar gindin itacen muka zuba. Ba shi da wani kabari bayan wannan. Kaka ta gaji fegin, kullum da safe tana can, kuma in ka iso a hankali za ka ji tana ba shi labarin gari tana yi masa faɗa kan ciyawar da ya bari.

Sai ga labari a jaridar gari cewa majalisa ta amince ta sayar wa wani kamfanin gidaje filin Kiln Lane, da sharaɗin kwamitin tsara gine-gine ya ba da izinin gini. Izinin ne kaɗai ya rage. In an ba da shi, lambu ya tafi, itace ya tafi, da abin da ke ƙarƙashinsa.

Kaka ba ta tayar da hankali ba da farko. Ta ce ai namu ne ke kan mulki, kuskure ne, za a gyara. Ta sa rigarta ta zuwa coci ta je taron jam'iyya, ta tsaya a gaban shugaban majalisa, Malcolm Pickersgill, ta faɗa masa. Ya saurare ta da kyau, ya ce matasa na bukatar gidaje, asusun majalisa kuma ya bushe, ya ce ba wanda ya kai ta daraja a wurinsu. Sannan ya tambaye ta ko motarta na nan lafiya, don Mayu ta kusa.

Ta dawo gida ta zauna da rigar a jikinta, ko shayi ba ta ɗora ba.

Bayan 'yan kwanaki Dean Holroyd ya ƙwanƙwasa ƙofa. Dean ɗan layin bayanmu ne, yana da shagon gyaran tukunyar ɗumama gida. Yana ƙarami uwarsa ta yi doguwar jinya, Kaka ce ke ƙara masa ludayi a makaranta, da yamma kuma ya biyo mahaifiyata gida a ci da shi. Ya girma yana kiranta Goggo. Mutum ne mai fara'a, ya iya zama da tsofaffi, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, sau biyu yana gyara wa Kaka tukunya bai karɓi ko sisi ba.

"Goggo Glenys, zan tsaya takara," ya ce, yana tsoma biskit a shayi. "Ba jam'iyya, ni kaɗai. Magana ɗaya ce tawa, Kiln Lane."

"Kai? Kai da ko ɗaurin takalmi sai da na koya maka?"

"To ai kin koya mini. Yanzu ki koya mini cin zaɓe."

"Ka san me kake nema kuwa? Tagata kake nema, ɗan nan."

"Ita nake nema. In mutanen Alma Terrace suka ga sunana a tagarki, na gama rabin aiki." Ya ajiye kofin. "Kawu Len ne ya fara ba ni tuffa daga itacen nan. Muddin ina da hannun ɗagawa a majalisa, ba mai taɓa shi. Ki riƙe ni da wannan."

Ta tura masa farantin. Ta ce ya ƙara biskit.

Takardar Dean fara ce da baƙin rubutu, ba shi da kuɗin buga mai launi. Ranar da Kaka ta manna ta, mutane suka riƙa rage tafiya a ƙofar gidanmu kamar an yi hatsari. Kafin la'asar Vera ta iso, ba ta ko cire kwat ɗinta ba.

"Glenys, wani ɗan iska ya manna miki shara a taga."

"Ni ce 'yar iskar. Zauna in zuba miki shayi."

"Ba zama ya kawo ni ba. Ubanki ya sha kulkin 'yan sanda a ƙofar masaƙa saboda jam'iyyar nan. Ki cire kafin mutane su gama gani."

"Ubana ya sha kulki ne don kada a ƙwace wa talaka abinsa. Len na kwance a wurin nan, Vera. Ke kika riƙe mini hannu ranar da muka zuba shi."

"Na riƙe, kuma zan sake riƙewa. Amma ba a rushe gida saboda ɗaki ɗaya na yoyo. Yaron Holroyd kuwa, na san shi tun yana satar madara a ƙofofin mutane. Wanda ya fi ba shi, shi zai bi."

"Yunwa yake ji a lokacin."

"Irin wannan yunwar ba ta ƙarewa, 'yar'uwa."

Daga ranar Vera ba ta ƙara taka gidanmu ba. A kulob ɗin ma'aikata, inda Kaka ke zuwa wasan lambobi kowace Talata tun kafin a haife ni, ta je ta tarar an ɗora jaka a kan kujerarta, ba wanda ya ɗauke. Ta juyo gida. Ba ta faɗa mini ba, a gidan burodin da nake aiki na ji.

Amma aikin ta yi shi kamar mai shekara talatin. Ta bi ƙofa-ƙofa da Dean a bayanta, ita ke magana shi yana murmushi. In aka buɗe sai ta ce, "Kun san ni, kun san ban taɓa zuwa muku da wani launi ba. Wannan karon ku ba ni aron hannunku." A dandalin kasuwa Dean ya hau kan akwatin lemo ya rantse cewa sai dai motar rusau ta bi ta kansa. Jarida ta buga hotonsa rungume da itacen Kaka Len. Hoton na nan a wurina.

Ranar zaɓe aka tashi da yayyafi. Na ɗauki hutu na zauna a gaban mota ina riƙe wa tsofaffi sanduna. Tun buɗe rumfa Kaka ke jigila. Wanda ya fi ba mu wahala shi ne Stan Ibbotson, tsohon direban bas mai fegi kusa da namu, wanda gwiwa ta hana shi tafiya.

"Glenys, shekara nawa kina kai ni in zaɓi mutanenki, ashe ban taɓa zaɓarsu ba ko sau ɗaya," ya ce da muka tura shi kujerar baya. "Motar banza kawai nake shiga."

"Na sani, tsohon banza. Len ya faɗa mini tun tuni."

"To me ya sa kike ɗaukata?"

"Ina sa ran wata rana Allah zai shirye ka. Yau in ka kuskure layin Holroyd, da ƙafa za ka koma."

A ƙofar rumfar, a zauren cocin Methodist, Vera na zaune da furen ƙyalle mai launin jam'iyya a ƙirjinta. Duk sawun da Kaka ta kawo sai sun haɗa ido. Ba wadda ta ce da wata uffan, sai sau ɗaya da Vera ta dubi wata tsohuwa da muka sauke ta ce, "Sannu Edna, yau a motar haya aka zo?"

Washegari Juma'a da safe aka yi ƙirga a babban zauren wasanni na gari. Dean ya ba mu katin shiga cikin baƙinsa. An jera tebura a filin ƙwallon kwando, ma'aikata na zazzage akwatuna suna ware takardu, wakilan 'yan takara na tsaye a kansu an hana su taɓa komai. Kaka ta sha zuwa ƙirga, amma kullum a ɓangaren masu furen jam'iyya take tsayawa. Ranar nan sai ga mu a gefe, kusa da injin sayar da lemo, mu da Dean da matarsa da mutum uku na Kiln Lane.

Tun kafin a zo kanmu aka ga alamar ranar ba ta jam'iyya ba ce. Baturen zaɓe zai hau dandamali ya karanta mazaɓa, sai ka ji ɓangaren 'yan adawa ya ɗauki tafi. Pickersgill na ta kai-komo da waya a kunne, wuyan rigarsa ya jiƙe. Da aka zo mazaɓarmu sai tarin takardun Dean da na ɗan takarar jam'iyya suka tashi kai ɗaya. Aka ƙirga, wakilin jam'iyya ya ce a sake. Aka sake. Kaka ta kama hannuna har sai da zobenta ya yi mini shaida.

Baturen zaɓe ya kira 'yan takara suka hau, ya karanta sunaye da adadi cikin muryar nan tasu da ba ta nuna daɗi ko baƙin ciki. Dean Holroyd ya ci da ratar ƙuri'a goma sha ɗaya. Mutanen da Kaka ta kwaso a motarta ranar zaɓe sun ninka haka sau uku.

Ban taɓa ganin Kaka ta yi kuka a bainar jama'a ba, ko ranar jana'izar mijinta. Ranar ta yi. Dean ya sauko ya ɗaga ta sama cak, tana dukan kafaɗarsa tana cewa ya sauke ta kafin ya karya mata ƙugu. A jawabinsa ya ce kujerar nan ba tasa ba ce, ta Goggo Glenys ce da mutanen Kiln Lane.

Da aka karanta mazaɓar ƙarshe sai lissafi ya fito. Majalisar kujera talatin da biyar ce. Jam'iyya ta samu goma sha bakwai, 'yan adawa goma sha bakwai, sai Dean shi kaɗai a tsakiya. Duk wanda ya ba hannu shi zai shugabanci gunduma. 'Yan adawa kuwa sun riga sun faɗa a fili cewa in suka hau za su soke cinikin filin, ko don su kunyata Pickersgill. Stan da ke zaune a kan keken guragu ya lissafa da yatsu ya ce, "Glenys, an gama. Yaronki ne riƙe da wuƙa, shi ne riƙe da nama."

Muna shirin fita na hango Pickersgill ya ratso zauren, ya wuce nasa ɗan takarar da ya faɗi bai ko dube shi ba, ya zo ya kama hannun Dean da hannu biyu. Ya yi masa magana a kunne, suka nufi wata ƙofa ta gefe. Na nuna wa Kaka. Ta ce, "Bar shi ya je ya roƙa. Yau ya san Kiln Lane na da mutane." Muka tsaya a hanya ta saya mana kifi da soyayyen dankali, muka wuce lambu, ta zauna a gindin itace tana ba Kaka Len sakamako mazaɓa bayan mazaɓa.

A ƙarshen watan aka yi zaman farko na majalisa, inda ake zaɓen shugaba. Dean ya ɗaga hannu ya zaɓi Pickersgill. A zaman nan kuma aka naɗa shi ciyaman na kwamitin tsara gine-gine.

Kafin labari ya gama zaga gari ya iso gidanmu da kansa, da sabuwar kwat.

"Goggo, kada ki saurari kowa sai kin ji daga bakina. 'Yan adawan nan baki ne kawai, ba su iya mulki ba, wata shida za su watse. Kwamitin da zai yanke maganar filin, wa ke kansa yanzu?"

"Kai."

"Mutum tara ne. Huɗu nasu, huɗu na adawa, sai ni. Kin ga inda na dosa? Daga ciki ake kashe wuta."

"Na ji. Amma hannunka da na gani a sama saboda Malcolm, ya tsaya mini a wuya."

"Siyasa ce, Goggo. Ki ba ni zuwa lokacin kaka."

Ta yarda. Ba don ba ta da wayo ba, sai don ba ta saba wanda ya ci a farantinta ya dube ta ido cikin ido ya shirya mata magana ba. Ta riƙa kare shi a kasuwa da tashar bas. A tashar ce Vera ta yi mata magana karo na farko tun Afrilu. Ta ce, "To Glenys, kin sha zagaye kin dawo mana da shi har gida. Da kin sani da ba ki ƙona man motarki ba." Kaka ta ce mata a juri zuwa rafi.

A watan Oktoba kwamiti ya zauna kan izinin, da rana, a ɗakin taro na sama a gidan majalisa. Mutanen Kiln Lane suka cika kujerun 'yan kallo, an gargaɗe mu ba tafi ba magana. Dean na zaune a tsakiyar tebur. Aka wuce maganar wani gareji da ta wani shagon aski. Da magatakarda ya karanta Kiln Lane, sai Dean ya gyara abin magana, ya karanta daga wata 'yar takarda ba tare da ya ɗago kai ba. Ya ce tun da ya riga ya bayyana matsayinsa a fili kan wannan fili lokacin yaƙin zaɓe, lauyan majalisa ya ba shi shawara cewa bai dace ya zauna a yanke hukunci da shi ba, domin alƙali ba ya yanke shari'a kafin ya saurare ta. Don haka zai miƙa kujera ga mataimakinsa, ya fita har a gama.

Ya tattara takardunsa ya bi ta gabanmu ya fita. Ƙofar irin mai rufe kanta ce a hankali, muka zauna muna kallonta har ta rufe.

Stan ya ce, "Ina kuma za shi? Fitsari?"

Sai aka kira Kaka. An ba ta minti uku ta yi magana a madadin masu lambu, ta tashi ta yi, muryarta ta cika ɗakin, amma kujerar da ta shirya kallo babu kowa a kai. Aka ɗaga hannu, huɗu da huɗu. Mataimakin ciyaman, mutumin Pickersgill, shi ke da ƙuri'ar raba gardama. Ya ba kamfani izini. Duka abin bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

Muka same shi a baranda yana tsaye wajen taga, yana duba waya.

"Goggo, wallahi hannuna a ɗaure yake. Ƙa'ida ce. In na zauna, kamfanin zai kai mu kotu ya ci."

"Ba kotu na tambaye ka ba. Yaushe ka san da ƙa'idar?"

"Kowa ya san ta. Tana cikin abin da ake koya wa sababbin kansiloli a makon farko."

"Makon farko." Ta gyaɗa kai. "Kujerar ciyaman kuma a mako na uku aka ba ka."

Ya mayar da wayar aljihu. Ta ci gaba.

"Da ka zo gidana da sabuwar kwat kana lissafa mini huɗu da huɗu da kai, ka san ba za ka zauna ba."

"Ban taɓa jefa ƙuri'ar ƙwace muku filin ba, Goggo. Ki duba rubutun zaman, ba za ki ga sunana ba. Kuma gidaje tamanin ne, akwai yaran da ke kwana a falon iyayensu da matansu. Ni ma sai da na shiga na ga yadda abin yake."

"Da ka zo ka faɗa mini haka a watan Mayu, da na zage ka, na kore ka, bayan sati biyu in kira ka cin abinci. Malcolm ya faɗa mini a fuskata, shi ya sa har gobe zan gaishe shi. Kai kuwa ka sa na ba mutanen layina kunya na ce su ba ni aron hannunsu. Me zan mayar musu?"

"Goggo..."

"Misis Thackray. Goggon ta ƙare a wancan ɗakin."

Ta juya ta kama hannun keken Stan ta tura shi zuwa lif, na'urar da ke sauke mutane daga bene. A cikin lif ɗin Stan ya ce, "Karo ɗaya a rayuwata na zaɓi wanda kika ce." Ba ta yi dariya ba, shi ma bai yi ba.

Aka ba masu lambu wa'adi zuwa ƙarshen Agusta na shekarar da ta biyo. Kaka ta noma fegin a wannan bazarar kamar ba abin da ya faru, ta shuka wake, ta yi wa dankali huɗa. Abin da ya sauya shi ne ta daina hira a gindin itace. Na tambaye ta dalili, ta ce ba ta da bakin da za ta yi masa bayani. Mutanen Alma Terrace ba wanda ya goranta mata, amma ita ta daina tsayawa gaisuwa mai tsawo, sai ta ɗaga hannu ta wuce.

Ana saura kwanaki a rufe wurin, Dean ya shigo gidan burodinmu. Ya jira layi ya ragu, ya sayi abin da ba ya bukata, sannan ya ce in gaya wa Kaka ya yi magana da kamfanin. Sun yarda su sa wa ɗaya daga cikin sababbin titunan sunan Thackray, su kuma kafa benci da sunan Kaka Len a jiki. Idonsa ya faɗa, ya rame. Na ce zan isar.

Na isar a ranar ƙarshe, muna kwashe kaya daga 'yar rumfar lambun. Tana naɗe tiyo, ba ta tsaya ba.

"Ki ce masa Len na da suna tun ba a haife shi ba. Wurin kwanciya ya rasa."

Na zo da bokiti biyu da shebur, da niyyar mu ɗebi ƙasar gindin itacen mu kai bayan gida. Ta dube su ta girgiza kai.

"Shekara tara ruwa na dukan wurin nan, 'yar nan. Wanne ne shi, wanne ne ƙasa? Ya shiga saiwa, ya shiga waken Stan, ya gangara har layin dogo. In kwashi rabin bokiti in ce ga mijina? Bar shi inda yake so."

Tuffar ba ta nuna sai ƙarshen Satumba, ranar kuwa duk kore ce shar, ƙanana, masu tauri. Stan ya ce a bar wa tsuntsaye. Kaka ta ce tsuntsaye ba su biya haya ba. Ta sa na hau tsani na tsinke su kakaf, muka cika bokitan da na kawo. A bakin ƙofa wani saurayi mai hular kwano na jira da sarƙa da kwado, yana ta ba mu haƙuri, yana cewa shi aiko shi aka yi. Kaka ta ce ta sani, ta tambaye shi ɗan gidan wa ne, ta gane kakarsa. Ta zaɓi tuffa ɗaya ta goge a rigarta ta gatsa, fuskarta ta yamutse don tsami, amma ta cinye ta a tsaye har ƙwallon. Sannan ta ce wa yaron ya rufe.